Saƙon da Na Ƙi Kai wa Yayana

Shekarun baya, ana tsakiyar yaƙin basasa, ina ɗalibi a wata kwaleji a Zariya, na taɓa riƙe wani muƙami da ba wanda ya naɗa ni: ɗan aike tsakanin mahaifiyata da yayana. Gida ɗaya suke kwana, tuwon tukunya ɗaya suke ci, amma magana ba ta tashi daga bakin ɗaya ta shiga kunnen ɗayan sai ta bi ta kaina. In na ba yaran yanzu labarin nan dariya suke yi, su ce mutanen da sun iya wahalar da kansu. Ban musa ba. Amma ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Yayana shi ne ɗan farin Inna. A ƙauyenmu, can tsakanin Hunkuyi da Kudan, mace a wancan zamani tana kunyar ɗan farinta kamar yadda take kunyar surukinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, in ya shigo wuri sai ta tuna tana da aiki a wani wurin. Ana yaye shi kakarmu ta wajen uba ta goya shi ta wuce da shi sashenta, a can ya girma. Shi ya sa in Inna za ta ambace shi sai ta ce "ɗan tsohuwa". Akwai wani mai tallan gishiri da ke zagayowa unguwarmu, sunansu ɗaya da Yaya. Na sha ganin Inna tana jin muryarsa a ƙofar gida, gishiri ya ƙare mata, amma in ba yaro a kusa sai ta bar shi ya wuce, ranar a sha miya lami.

Da tsohuwa ta rasu sai aiken ya dawo kanmu, mu ƙanne. In ina hutu, ni ne. "Kai, tambayi ɗan tsohuwa ko rigar nan da ya rataya ta wanki ce." Shi kuwa ga shi nan zaune, ko atishawa ta yi sai ya ji. Sai ya dube ni ya ce, "Ka ce ta wanki ce." Ni kuma in juya in ce, "Ya ce ta wanki ce." Ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki.

Ni dama ba mai magana ba ne. In baƙo ya yi sallama, kafin in gama haɗa gaisuwa a raina ya sha ruwa ya tafi. Har gona da littafi nake zuwa cikin aljihu, Baba yana cewa da a ce fartanya tana da shafi da na zama sarkin noma. Amma akwai abu ɗaya da duk gidanmu suka yarda na iya: in ka ba ni saƙo, yadda ka faɗe shi haka zan sauke shi, ba ƙari ba ragi. Na taɓa kai wa wani maƙwabcinmu saƙon Baba har da tsakin da ya yi a ƙarshe. Sai da manya suka shiga tsakani.

Da aka fara yaƙin cewa aka yi ba zai daɗe ba. Samari suka yi ta rububin shiga soja, har ana mayar da wasu gida. Amma damina ta wuce, wata ta zo, yaƙi bai ƙare ba. A Zariya nakan ga kurata da sassafe suna gudu a jere suna waƙa, nakan kuma ga waɗanda jirgin ƙasa ke saukewa, wani da sanda, wani an naɗe masa kai. Labarin waɗannan na biyun ya fi saurin isa ƙauye. Sai ya zama motar ɗaukar soja ta wuni a bakin kasuwa, ta koma bayanta fayau. Aka matsa wa hakimi, hakimi ya matsa wa dagatai, dagacinmu ya tara masu unguwa ya ce an kunyata shi, an tambaye shi ko maza sun ƙare a garinsa. Mai shela ya zaga gari: ranar kasuwar Makarfi sojoji za su zo, duk saurayi mai lafiya ya fito.

Abin ya zo daidai da hutunmu, daidai kuma da saran rake. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da nake nufi. Fadama cike da rake, doki yana zagaye yana juya injin matsa tun safe, ruwan rake yana tafasa a manyan kasake, ana zubawa a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Lokacin nan ko gurgu ana neman hannunsa.

A gindin ceɗiyar da samari ke hutawa ba wata hira sai ta soja. Ni ina gefe da littafina, kunnena yana wurinsu. Wani ya ce shi kakin ne ke burge shi, da takalmin nan mai ƙara. Wani ya ce ya gaji da gandu, shekara da shekaru yana yi wa ubansa noma, ko wando sai ya roƙa. Akwai mai cewa in kowa ya zauna ƙasar tsagewa za ta yi, kuma 'yan'uwanmu da suka riga suka tafi su za a bari a rana. Sai wani ya ce, "Ni mutanen nan ban san su ba. Ba su ci mini iyakar gona ba, ba su kashe mini akuya ba. In tafi in bar rake a tsaye?" Akwai ango guda da ko lallen amaryarsa bai goge ba, shi ko tambayarsa ba a yi. Wajen wani tsoho da ya yi yaƙin Bama a sojan Turawa ake neman shawara, shi kuwa shawararsa ta danganta da ƙafarsa. Ranar da ta yi sauƙi sai ya ce namijin da bai ji ƙarar bindiga ba bai gama girma ba. Ranar da ta motsa sai ya ce, "Soja? Sai wanda uwarsa ta gaji da shi."

Ni ba wanda ya nemi ra'ayina, kuma sun kyauta. Mutumin da in za a yanka kaza yake tuna yana da karatu a ɗaki.

Yaya kuwa shi ne ƙarfin injinmu. Dogo ne mai faɗin ƙirji, damin raken da mutum biyu ke ciccibawa shi kaɗai yake sungumarsa. Yana da aboki, wani Kirista ɗan kudancin Zariya da ke zagaya ƙauyuka yana gyaran injinan rake, mutum mai barkwanci, yayyensa suna can fagen fama tuni. Su biyun suka yi alkawari a gaban samari cewa ranar kasuwa tare za su tafi.

Baba bai ja ba. Dagaci amininsa ne, kuma ba ya so a ce gidansa ya noƙe. Ya ce, "Ni na sa maka albarka. Amma ba ni kaɗai na haife ka ba. Liman ma ya faɗa, tafiya irin wannan sai iyaye biyu sun yarda." Yana faɗin haka ya kaɗa rigarsa ya tafi masallaci, ya bar mu da aiki.

Yaya ya same ni ina tura tuƙar rake cikin wuta da hannu ɗaya, littafi a ɗaya hannun.

"Malam ɗan boko, rufe wannan. Aikenka zan yi."

"To, Yaya."

"Ka je ka gaya mata ranar kasuwa zan tafi soja. Baba ya yarda. Nata nake jira. Ba na so in hau motar nan ban ji nata ba."

Sai da na laɓe bayan rumbu na maimaita maganar har ta zauna, sannan na shiga. Inna tana surfe. Na durƙusa na sauke saƙon. Taɓaryar ba ta tsaya ba. Can ta ce, "Ka ce wa ɗan tsohuwa, tun da ubansa ya yarda, ni mece ce tawa? Duk abin da ya gani."

Na koma na faɗa masa.

"Duk abin da na gani?"

"Haka ta ce."

"Shi ke nan? Ba ta ce Allah ya kiyaye ba?"

"Ba ta ce ba."

"Fuskarta fa?"

"Turmi take kallo, Yaya."

"Koma."

Na koma ranar, na koma washegari. Amsar ba ta sauya ba, gajarcewa ma ta riƙa yi. Amma ni ina da ido. Dawar da aka ce a surfa, Inna ta daka ta har ta zama gari ba ta sani ba. Kwanon tuwonta yadda aka zuba haka yake kwana. Miyar gidanmu ta lalace, yau gishiri ya yi yawa, gobe an manta daddawa. Na gwada gaya wa Yaya, ya ce, "Ban aike ka wajen miya ba. Me ta ce?" Abin da ta ce kuwa shi ne abin da ta ce.

Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ita ta fara tare ni a bakin rijiya. Ta kama kunnena kamar ina ɗan yaye.

"Kai wane irin wawa ne? Duk bokon nan naka bai koya maka dabara ba? Ka je ka ce masa ta ce ba ta yarda ba, in ya tafi ba ta yafe ba. Shi ke nan ya zauna."

"Gwaggo, ai ba ta ce haka ba."

"Wa zai tona? Ita za ta je ta ce masa ƙarya ka yi? Ko shi zai je ya tambaye ta?"

Ban gama jin zafin kunnen ba abokin Yaya ya ja ni gefe, hannunsa duk baƙin mai, ya miƙo mini ɓarin mazarƙwaila mai ɗumi.

"Malam, sha. Yanzu tsakani da Allah, 'duk abin da ya gani' ai yarda ce. Kai ka ƙara mata ɗan gishiri kawai, ka ce ta ce Allah ya tsare. Wannan ƙarya ce? A ranta ai ta faɗa. Ku Hausawa kuna da wahala. A garinmu uwa har bakin mota take raka ɗanta, tana kuka tana zaginsa tana cusa masa gyaɗa a aljihu."

Na ci mazarƙwailar, amma ban yi alkawari ba.

A nan na gane abin da ke hannuna. Gwaggo ta yi gaskiya, ba wanda zai taɓa tonawa. Duk abin da na ce Inna ta ce, shi ke nan ta ce, har abada. In na so in zaunar da Yaya, kalma ɗaya ta isa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, zaman nasa nake so. Amma na kasa. Na ga in na sa mata magana a baki ya zauna, zai rayu yana ganin ita ta tauye shi. In na sa mata wata ya tafi bai dawo ba, ni na aika shi da albarkar jabu.

Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, na taya Yaya kwance dokin daga inji. Yana shafa wuyansa, bai dube ni ba, ya ce, "Ka san abin da tsohon nan na Bama ya faɗa? Sai wanda uwarsa ta gaji da shi."

"Ai ƙafarsa ce ke ciwo ranar."

"Na sani." Ya warware igiyar dokin. "Tun da tsohuwa ta rasu nake tunani. In na bar gidan nan, ban da wannan dokin wa zai lura? Baba zai ce wa zai ɗauki rake. Kai za ka ce wa zai hana a tsokane ka. Ita fa?"

Na ce, "Yaya, al'ada ce kawai."

"Na san al'ada ce. Amma al'ada ba ta da ƙofa? Ko ranar da mutum zai tafi inda ake mutuwa?" Ya ja linzamin. "In gari ya waye ba ta ce komai ba, zan tafi haka nan. Na riga na ba da kalmata."

Da safe ya ɗaure 'yan kayansa a tsumma, suka zauna a zaure shi da abokinsa. Masu jakuna sun fara wucewa da lodin mazarƙwaila zuwa Makarfi. Sai ƙanwata ta zo ta ce Inna na kira.

Na same ta a madafa, ta ba ƙofa baya. Ga ƙullin ƙuliƙuli da dakakken yaji a gefenta, ta ɗaure su tamau. Ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Ka kai wa ɗan tsohuwa wannan. Ka ce masa na yafe masa. Ka ce Allah ya kai shi lafiya, ya dawo da shi lafiya."

Ga maganar da aka yi kwanaki ana nema, ta fito. Abin da ya rage in ɗauka in kai zaure. Amma sai na ji muryar Yaya a kunnena yana cewa, fuskarta fa? Ya san Gwaggo ta tare ni. Ya ga abokinsa yana ba ni mazarƙwaila. Ko na rantse masa da Alƙur'ani, zai hau motar nan yana tambayar kansa ko ɗan boko ne ya ji tausayinsa ya haɗa masa magana mai daɗi.

Na ce, "Inna, ba zan kai ba."

Ta juyo. Tun da aka haife ni ban taɓa ce mata a'a ba.

"Me ka ce?"

"Ba zan kai ba. Ki yi haƙuri."

"Ni kake gaya wa haka? Abin da aka koya maka a Zariya ke nan?"

Sai bakina ya buɗe yadda bai taɓa buɗewa ba. Na ce, "In daga bakina ta fito ba zai yarda ba. Cewa zai yi ni na ƙaga. Inna, yana ganin ba ki damu ba ko ya tafi ko ya zauna. Da wannan zai tafi."

Ta sake juya mini baya. Ni kuma kafin ƙarfin halin ya tsere mini na fita zaure.

"Me ta ce?"

"Ta ba ni saƙo, na ƙi karɓa."

Yaya ya miƙe, na tabbata mari zan sha. "Ka ƙi karɓa?"

"Yana can wurinta. In kana so, ka shiga ka karɓa."

Abokinsa ya tafa hannu ya ce, "Yau ga akuya ta yi haushi."

Yaya ya dube ni. Sannan ya tuɓe takalmansa ya shiga. Ya tsuguna a tsakar gida, nesa da madafa, ya karkata gefe yana kallon ƙasa. Baba yana tsaye a ƙofar turakarsa da buta a hannu. Gwaggo ta fito, ƙannena suka yi cirko cirko. Inna tana ciki, bayanta kaɗai muke gani. Wata kaza ta ratsa tsakaninsu da 'ya'yanta, ta gama tone tonenta ta wuce. Daga waje abokin ya ɗaga murya ya ce rana fa tana yi.

Yaya ya dafa gwiwa zai tashi. A raina na ce shi ke nan, na ɓata komai, ga albarka a hannuna na zubar.

Sai Inna ta kira sunansa.

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. A hankali ta faɗe shi, kamar mai taka ƙasar da ba ta sani ba. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu!" Baba ya ajiye butar.

Inna ta fito, ta gyara mayafinta, ta tsaya a gabansa ta dube shi. Abin da ta faɗa kuma ba shi ne saƙon da ta ba ni ba.

"Ba na so ka tafi. Ka ji da kunnenka. Ba na so."

Yaya ya koma ya tsuguna.

"Don me za ka?"

"Na yi alkawari, Inna. Kuma mutanenmu suna can, an ce sun yi kaɗan."

"Shi ke nan? Ba don kana ganin ba ka da kowa a gidan nan ba?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ranar da aka yaye ka, tsohuwa ta ɗauke ka, bayan dangarta na wuni. Kana kuka, nono yana yi mini ciwo, ba halin in shiga. Washegari ma na koma. Ranar da doki ya harbe ka, ana yi maka ɗori kana ihu, ina nan cikin madafar nan na cusa zane a bakina. An ce kunya, na yi kunya. Ba a ce kada in so ka ba."

Kafaɗun Yaya suka fara rawa. Ƙaton nan da ke sungumar damin rake. Ya ce, "In kin ce in zauna, zan zauna."

"A'a. Wannan ba zan ɗaukar maka ba. Kai ka ba da kalmarka, kai ka san nauyinta. In ka zauna na ji daɗi. In ka tafi ban hana ka ba. Abin da ba zan yarda ka fita da shi daga gidan nan ba shi ne a ce uwarka ta gaji da kai."

Ashe har maganar tsohon Bama ta iso madafa.

Yaya ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Zan tafi, Inna. Ki sa mini albarka."

Ta ɗora hannunta a kansa. Ta yi masa addu'a mai tsawo, mu duka muna amin, har Gwaggo da ke share hanci da bakin zane. Ta koma madafa ta ɗauko ƙullin ta sa masa a hannu da kanta. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "To, to. Rana tana yi."

Ni na raka su Makarfi. An kafa tebur a inuwa a bakin kasuwa, wani saje mai ƙaton gashin baki yana auna ƙirjin mutane, wani yana duba ido da haƙori. Samari sun yi da'ira suna kallo, kowa da sandar rake a baki, amma masu matsowa kaɗan ne. Saje ya yi ta faɗa. "Ku tsaya nan kuna shan rake, 'yan'uwanku suna can!" Wani daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, in mun tafi wa zai sare shi?" Aka fashe da dariya, har shi sajen sai da ya murmusa. Da ya ga Yaya bai ma tsaya awo ba, ya ce ya hau. Can idonsa ya faɗo kan littafin da ke leƙowa daga aljihuna.

"Kai mai littafi! Ka iya rubutu? Muna neman akawu!"

Duk ƙarfin halin da na yi da safe ashe na ranar ke nan ya ƙare. Ban san lokacin da na sami kaina tsugune a bayan wani jaki ba. Daga nan na ɗaga wa Yaya hannu. Yana tsaye a bayan motar da rabinta ba kowa, yana yi mini dariya, ƙullin nan a ƙirjinsa.

A gida kuwa hukuncina yana jirana. Inna ta daina yi mini magana. Har hutun ya kusa ƙarewa ƙanwata take aiko mini: "Tambayi wancan mai bakin ko zai ci tuwo." Na ɗanɗana abin da Yaya ya sha tun yana yaro, na kuma gane ba ƙaramin abu ba ne. Sai ranar da zan koma makaranta ta kira ni, ta ba ni ƙuliƙuli, ta ce, "Kai dai ba ka da kunya." Ta faɗa tana kallon gefe, amma ƙullin nawa ya fi na kullum girma.

Yanzu in na ji ana gardama a kan abin da ke sa matasa shiga soja ko guje masa, sai in ji ana lissafa albashi, da kishin ƙasa, da tsoro. Duk gaskiya ne, na ji su da kunnena a gindin ceɗiya. Amma abin da na gani shi ne, maganar da mutum ke faɗa a gaban samari daban, wadda ke tura ƙafarsa daban, kuma wannan ta biyun a tsakar gida take. Na san waɗanda suka zauna don akwai wanda ya riƙe rigarsu. Na kuma tabbata a cikin motocin nan akwai waɗanda suka hau don ba wanda ya riƙe. Yaya ya tafi don alkawarinsa, da saninsa, ba don yana ganin shi ragowa ne a gidan ubansa ba. Wannan bambancin ni na tsaya a kansa, kuma har gobe ban yi nadama ba. Na yi shekaru ina alfahari da cewa ba na ƙara wa saƙo ba na rage masa. Ranar na koyi cewa akwai maganar da in ta bi ta hannun ɗan aike, komai amanarsa, ta mutu a hanya.

Da yaƙi ya ƙare Yaya ya dawo, ya rame, kunnensa ɗaya ba ya ji. Abokinsa bai dawo ba. Kafin ma ya iso gida sai da Yaya ya bi ta garin abokin nan ya yi wa mahaifiyar marigayin gaisuwa. Ranar da ya shigo gidanmu mata suka yi ta guɗa, maƙwabta suka cika tsakar gida. Inna tana hango shi ta shige ɗaki ta saki labule. Can ta kira ni, murya ƙasa ƙasa, ta ce in tambaye shi ko fura zai sha kafin a sauke tuwo.

Raina ya ɓaci. Na fito na same shi zaune a kan tabarma, na ce, "Yaya, ka ga fa, an koma gidan jiya. Bari in je in ce mata..."

Ya kamo hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, ta ɓangaren kunnen mai ji. Yana kallon labulen nan, ƙafafun Inna suna leƙowa ta ƙasa, ba su motsa daga bakin ƙofar ba.

Ya ce, "Ƙyale ta, Malam. Ni na riga na ji. Ka ce fura zan sha."